Wardi Biyar Zuwa Kebbe

Tambuwal,
Lahadi, 5 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina Siddiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyali. Yaya Hajiya da ƙafar tata? Yaya aikin lambun furen, da sanyin Jos da ka ce ya fara shigowa? Mu nan sai godiya. An gama da gero, dawa ta kusa.

Kada ka yi mini dariya don na sake rubuta takarda na ɗauki hotonta na turo maka ta waya. Ka san ni tun muna aji uku a sakandare: in na buɗe baki magana takan gudu, sai na riƙe biro take dawowa.

Albishirinka. Wardi ya yi fure a Tambuwal! A cikin rassa goma sha biyu da ka ba direba ya kawo mini shekara uku da suka wuce, shida suka rayu, kuma yau da safe duk shidan suna ɗauke da fure ko kan da ya kusa buɗewa. Gindi biyar ja ne jawur, ɗaya kuma, na bakin rijiya, ruwan hoda ne. Kai da kanka ka ce ranar Sakkwato za ta ƙone su kafin su yi wata. Maƙwabcina Ɗanmaliki, mai kabu-kabu, shekara uku yana leƙowa ta katanga yana cewa, "Akawu, in ya nuna a kira ni in ɗanɗana." Jiya ya shigo ya tsaya a kansu, ya cire hula ya sosa kai, ya juya ya fita. Na rubuta wannan a littafina, na ja masa layi biyu.

Sai dai ni kaɗai nake kallon su, Siddiƙ. Matata Ruwaida tana Kebbe, gidan baffanta, yau kwana goma sha takwas.

Zan faɗa maka yadda abin ya faru bi da bi, ba zan rage laifina ba. Furen farko ya buɗe ranar Litinin, sha shida ga watan jiya, a gindin nan na bakin rijiya. Na yi niyyar in bar shi a jikin reshensa in ga kwana nawa zai yi kafin ya zube, don in rubuta. Ranar Talata na taho da abokan aikina biyu daga ofis su gani da idonsu. Muka shigo, babu fure. Na same shi a ɗakin Ruwaida, cikin kofin gilashi, a gaban madubi. Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na tambaye ta wa ya ba ta izini, na ce ba nata ba ne, kada ta ƙara taɓa abin da ba ta san wahalarsa ba. Baƙin suna tsakar gida suna ji. Ta zuba musu abinci, ta kai musu ruwa, ta yi musu sai an jima. Gari na wayewa ta ɗauki mayafinta da ƙaramar jaka.

Da ta tafi na koma kan littattafaina na shekara ukun nan. Na ga na rubuta "an yi ban ruwa" fiye da sau ɗari takwas, ban taɓa rubuta wanda ya yi ba. Ita ce. Duk bazara, ina ofis ina jiran ruwan saman da zan auna, ita ke jan guga safe da yamma. Ita ta kafa musu inuwar zana. Ita ta gano ruwan wankin shinkafa yana yi musu daɗi. Ni dai na auna tsawon rassa da rula.

Makon jiya yayana Atiku ya tafi biko da goro da turmin atamfa biyu. Baffa Ubaidullahi ya karɓe shi da mutunci, amma atamfar ta dawo a ƙunshe yadda ta tafi. Ruwaida ta ce a gaya mini tana da zane. Baffa ya ce ya ba ta zuwa Jumma'a, sha bakwai ga wata. Ranar, bayan an sauko masallaci, zai zaunar da ita ya ji maganarta ta ƙarshe, kuma in ta ce takardarta take so, shi ba zai tilasta wa marainiya ba. Aure shekara goma sha bakwai, Siddiƙ. 'Yarmu Anisa tana makarantar kwana, ba ta san komai ba tukuna.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na yi tunani, wataƙila tunanin banza ne, cewa abin da na hana ta shi ya kamata in kai mata. Amma na yanko uku na riƙe a hannu, sai na ga kamar tsintsiyar da ta ƙare. A hotunan da kake sawa na ɗaurin furen amare ina ganin wasu ƙananan furanni da ganyaye kewaye da wardin, su ke sa shi ya cika ido. Mene ne su? Ta yaya ake zaɓen su? Ka yi mini bayani dalla-dalla kamar kana koya wa wanda bai san komai ba, don haka ɗin ne.

Ka gaishe da Hajiya da uwargida da yara.

Naka har kullum,
Haliru Maccido.


Tambuwal,
Litinin, 13 ga Nuwamba.

Aminina Siddiƙ,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun wayi gari lafiya. Yaya yara da makaranta? Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi.

Saƙonka na murya ya iso. Minti huɗun farko da ka ɓata kana kira na jaki mai biro na saurara duka, ban tsallake ba, don na cancanta. Sauran kuma na juya shi sau uku na fitar da ƙa'idoji. Wardi shi ne ango, kada abokin rakiya ya fi shi girma ko ƙamshi. A samu ƙaramin fure fari da zai cike tsakani, a samu koren ganye da zai tallafe daga ƙasa. A yanka da sassafe, a karkace, a tsige ganyen da zai taɓa ruwa. Amma furannin da ka lissafa ko ɗaya babu a nan. Na nuna wa mai sayar da dashe a bakin hanyar Sakkwato hotunan, ya ce in ba shi waya ya ƙara kallo, bai taɓa ganin irinsu ba.

Don haka na yi abin da na iya. Na jera gwangwanin madara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumfa, na cika su da ruwan rijiya, na bi gona da fadama na yanko duk abin da ya yi mini kyau a ido. Ina duba su sau uku a yini, bayan asuba, da azahar, da la'asar, ina rubutawa.

Dogonyaro ya sunkuyar da kai tun kafin azahar, kuma warinsa na ɗakin mai zazzaɓi ne. Furen bagaruwa, 'yan ƙwallayen nan rawaya, ya zubar da gari ya yi baƙi kafin yamma. Tumfafiya ta so ta yaudare ni, don furenta yana da kyau ƙwarai in ka dube shi kusa, fari da shuɗi-shuɗi kamar an yi shi da kakin zuma. Sai dai nononta ya farar da ruwan, wardin da na sa kusa da ita ya langaɓe a yini ɗaya. Ɗanmaliki kuma ya leƙo ya ce, "Akawu, biko za ka ko ta'aziyya? Wagga ai bakin maƙabarta taka fita." Na zubar da ita.

Huɗu suka ci jarrabawa. Furen zogale, fari ƙanana masu lilo, ya yi kwana biyu cur bai canza ba. Furen lalle, wanda ban taɓa lura da shi ba duk da itacen yana bayan ɗakinmu, ƙamshinsa sanyi-sanyi kamar ɗakin amarya. Zoɓo a jikin karansa, ja mai duhu yana sheƙi, ya yi kwana biyar kamar yau aka yanko shi. Sai ɗoɗɗoya saboda kore, amma reshe biyu kacal, don da na sa huɗu ƙamshinta ya danne na wardin.

Jera su ma aiki ne. Na gano in ka haɗa zoɓo da jan wardi kafaɗa da kafaɗa, kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Sai na matsar da zoɓon kusa da masu ruwan hoda, na sa farin zogale tsakanin jajayen. Wardi tara, bakwai ja, biyu ruwan hoda. Sau shida na kwance na sake ɗaurewa da tsagin kaba. A na bakwai na ɗaga shi na kai hannu nesa na duba, sai murna ta kama ni. Siddiƙ, wallahi da za a ajiye shi kusa da naka na Jos ba zan ji kunya ba. Ga hotonsa nan, ka duba da kanka. Da abin da ke bayan gidan kowa na yi shi!

Saura tafiya, don rana ba ta da tausayi a hanyar Kebbe. Na je wurin mai goro a kasuwa na tambaye shi yadda yake hana kayansa bushewa. Ya ba ni ganyen da suke ƙunshe goro, ya ce in naɗe gindin da shi, in rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a sama, kada in matse. Na gwada da rassan banza, na ɗaura a babur na je Jabo na dawo, suka iso garau.

Yau da hantsi Ɗanmaliki ya tafi da shi. Na san za ka ce me ya hana ni tafiya da kaina. Ka san yadda muke da surukai, mutum ba ya faɗa musu gida kai tsaye, balle mai laifi. Kuma, in faɗi gaskiya, tsoro nake ji. Na ce masa ya yi sallama a ƙofar gidan Baffa ya ce saƙo ne daga Haliru, a shiga da shi cikin gida. Ban ce ya ambaci sunanta ba, don na ga bai dace a tsaya a ƙofar surukai ana kiran sunan matata ba. Ai duk wanda ya ga abin ya san na wace ce. Ko ba haka ba?

Har yanzu bai dawo ba, ya ce zai tsaya ɗaukar fasinja. Ina jin na yi daidai a wannan karon. Ka taya ni addu'a.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Naka,
Haliru.


Tambuwal,
Laraba, 15 ga Nuwamba.

Siddiƙ,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kai da iyali da Hajiya. Ni ma lafiyar jiki ƙalau.

An cinye shi.

Ka zauna in ba ka labari. Akwai Goggo, yayar Baffa Ubaidullahi, wadda ta riƙe Ruwaida tun rasuwar iyayenta. Ta haura saba'in. A gidan nan duk abin da ya fito daga hannun suruki, goro ne ko hatsi ko nama, gabanta ake fara ajiye shi, ita ke rabawa. Na san wannan sarai, shekara goma sha bakwai ina aika kayan salla ta hannunta, amma ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba. Ruwaida kuma lokacin ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta.

Ɗanmaliki ya ce Goggo ta sa aka kira shi har bakin ƙofar tsakar gida don ya ga an karɓa. Ta buɗe buhun, ta duba, ta sa haƙori ta tsinke kabar da na ɗaura sau bakwai. Ta ware zoɓo gefe ta ce a jiƙa. Ta ware ɗoɗɗoya da furen zogale ta ce a kai wa mai girki. Lallen ta ce a shanya a kan rufin ɗaki. Wardin ta juya shi, ta shinshina, ƙaya ta soke ta, sai ta wurga shi cikin turken awaki. Ga saƙon da ta ba shi ya kawo mini, na sa ya maimaita sau biyu na rubuta: "Ka ce mai an gode, Allah shi yi albarka. Amma zogale ganye aka aikowa, ba hure ba, kuma cefanen nai ya yi kaɗan, gidan ga mu goma sha ukku muke. Hakin ga mai ƙaya kuma ko awaki sai da sunka yi shawara."

Ɗanmaliki yana faɗa yana riƙe ciki. Har zoɓon aka ba shi ya sha kafin ya taso, ya ce ya yi daɗi.

Na kwana biyu ina jin haushin Goggo, sai yau da safe na ga ba ta yi laifin komai ba. Ni na aika mata kayan miya da na sha da na ƙunshi a ɗaure wuri ɗaya. Kowace tsohuwa a ƙasar nan abin da za ta yi ke nan. Na tsaya auna wanda ya fi daɗewa a ruwa, ban tsaya na tambayi kaina me mutanen gidan za su gani ba.

Abu ɗaya ya hana ni karaya. Ɗanmaliki ya ce yana tayar da babur Ruwaida ta dawo, kuma ta ƙofa ya hango ta ta tsaya a bakin turken, ta sunkuya ta ɗauki wani abu a ƙasa. Bai ga ko mene ne ba. Na tambaye shi sau uku ko fuskarta ta nuna fushi, ya ce shi mayafi ya gani.

Jibi ne Jumma'a. Wardi biyar suka rage a gidan nan gaba ɗaya, huɗu ja, ɗaya ruwan hoda, kuma lissafina ya nuna za su buɗe daidai gobe da yamma zuwa jibi. Bayan su babu wani sai bayan makonni.

Yanzu sabuwar ƙa'ida na ƙara a kan naka: kada in sa abin da ake ci, ko ake sha, ko ake magani da shi. Ka san wahalar wannan a ƙasarmu? Na zauna da takarda. Ganyen zaiti yana da kyau, amma Goggo za ta yi siracen mura da shi. Sabara, mai ganye toka-toka da ya dace da ja ƙwarai, ta masu jego ce. Gwaiba ta ciwon ciki. Mangwaro na shawara. Tsamiya ta miya. Na cika shafi guda ina kashewa. Ashe duk abin da ya tsiro a nan an riga an ba shi aiki.

Da la'asar na samu uku. Kan ƙyasuwa, mai laushi ja-ja, da ke kaɗawa a bakin kowace gona. Furfurar gyatuma, farin hakin nan mai kamar auduga da ke fitowa a fako, wanda ba ya yanƙwanewa ko an bar shi ba ruwa. Sai ganyen shingen gaban ofishinmu, kore mai ratsin rawaya, wanda akuya ba ta ci. Na tambayi mutum biyar sunansa, har mai gadi, babu wanda ya sani, tunda ba a taɓa neman sa don komai ba. Suna cikin gwangwani yanzu.

Kuma da kaina zan tafi.

Ka gaishe da mutanen gida. Kada ka ba uwargida labarin zoɓon, don Allah.

Naka,
Haliru.


Tambuwal,
Asabar, 18 ga Nuwamba.

Zuwa ga aminina, ɗan'uwana Siddiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya Hajiya, yaya uwargida, yaya yara? Ina fata wannan takarda ta same ku cikin farin ciki irin wanda nake ciki.

Ina rubuto maka ne a ƙarƙashin rumfa, kuma ƙarar da nake ji yanzu ta guga ce a rijiya. Ba ni ke ja ba.

Bari in bi da kai daki-daki. Jiya bayan sallar asuba na yanke duka biyar ɗin. Na sa mai ruwan hoda a tsakiya, ya ɗan fi sauran tsawo, jajaye huɗu suka kewaye shi. Furfurar gyatuma ta shiga tsakaninsu ta raba ja da ja. Ganyen shinge ya tallafe daga ƙasa, ƙyasuwa bakwai suka tsaya a sama suna kaɗawa. Bai kai na farko cika ba, amma ya fi shi natsuwa, kuma babu ƙamshin da ke gasa da na wardin. Sau ɗaya na ɗaure. Na naɗe gindin, na tsayar da shi cikin bokiti mai ɗan ruwa, na rufa buhu, na ɗaure a bayan babur.

Na kuma rubuta jawabin ban haƙuri mai maki huɗu, na ninke na sa a aljihun baya.

A Kebbe na yi Jumma'a, bokitin yana inuwar shagon wani tela da na roƙa ya duba mini. Da aka sauko na bi Baffa Ubaidullahi a baya har gida. Na cire takalmi tun daga waje, na durƙusa a zaure na gaishe shi, abin yana hannuna a lulluɓe. Ya amsa ba yabo ba fallasa. Ba a jima ba sai ga Goggo da sandarta, an gaya mata surukin ya zo da kaya. Na gaishe ta. Ta miƙo hannu.

Siddiƙ, tunda nake ban taɓa hana babba abin da ya miƙo hannu ya karɓa ba. Na ƙanƙame abin a ƙirji, kaina a ƙasa, na ce, "Goggo, a gafarce ni, wannan hannu da hannu ne." Ta ce, "Hannun wa?" Na ce na Ruwaida. A gaban baffanta na faɗi sunan, da bakina.

Goggo ta sa kan sanda ta ɗage buhun. Ta matso da fuska ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran suna, ƙyasuwa, furfurar gyatuma, mai ƙayar nan ta rannan. Ta murza ganyen shingen ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe ta tofar. Sannan ta juya wurin ƙanenta ta ce, "Ubaidu, duba min yaron ga ko lafiya yake. Babu na ci, babu na sha, babu na magani. Haki ya ɗauko tun daga Tambuwal!" Baffa ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya samu kansa sai ya ce a kira Ruwaida.

Ta shigo ta durƙusa can gefe, ba ta dube ni ba. Ta rame kaɗan. Baffa ya yi nasiha gajera, ya ce ga mijinta ya zo da ƙafarsa, in yana da magana ya yi. Na laluba aljihu. Ruwan bokitin ya fantsalo a hanya ya jiƙa takardar, tawadar ta bazu, maki huɗun sun zama shuɗin tabo guda. Na duba, na sake dubawa, ban tuna ko ɗaya ba. Sai na ja gwiwa na matsa na ajiye furen a gabanta, na ce na yi kuskure, kuma waɗannan su ne duka, ban bar ko ɗaya a gida ba.

Ta daɗe tana kallon sa ba ta taɓa ba. Ina jin numfashin Goggo a bayana. Can ta sa yatsa ta ɗaga kan na tsakiyar, ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam, a ina ka yanke wannan? Sama da ido ko ƙasa da shi?" Na ce sama da ido na biyu, inda toho ke fitowa a jikin reshe, a karkace. Ta ce to, da sauƙi, zai sake toho. Ta ce zanar da ke kansu fa, an ɗaga ta yanzu da rana ta yi sanyi, ko na bar su a duhu? Na ce ban ɗaga ba. Ta girgiza kai. Sai ta ɗauki ɗaurin da hannu biyu ta ɗora a cinya.

Baffa ya ce shi bai ji amsar tambayarsa ba, me ta yanke? Ta ce, "Baffa, in na ƙara bar mai su wata guda kashe su zai yi." Baffa ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fatiha. Ni ban san lokacin da hawaye ya zubo mini a kan tabarmar mutane ba. Goggo ta buga sanda a ƙasa ta ce ita dai ta ga zamani, an kawo atamfa an ƙi, an kawo haki an tafi da mace. Amma ita ce ta shiga ta fito da ƙullin daddawa da kuka ta ce a sa a bokitin, kada ya koma wofi.

Baffa ya ce a bari gobe Goggo ta rako ta a mota kamar yadda aka saba. Ruwaida ta ce me zai sa a wahalar da tsohuwa, ga babur a ƙofa. Ta shiga ta fito da jakarta cikin abin da bai kai minti biyar ba. Ashe tun tuni jakar a haɗe take.

Na ɗauka za ta sa furen cikin mayafi. Ba ta sa ba. Ta hau bayana ta riƙe shi a fili, muka ratsa tsakiyar Kebbe lokacin da gari ya cika da masu dawowa daga masallaci. Telan nan ya fito bakin shago yana tafi. Wani mai rake ya ɗaga murya ya ce, "Ango, a sauka lafiya!" Ni mai shekara arba'in da biyu, da furfura a gemu. Kunya ta sa na murɗa mai don mu fita gari da sauri.

Muna hawa titi sai na ji ta taɓa kafaɗata. Tun ranar Talatar nan ba ta yi mini magana mu biyu kaɗai ba. Ta ce, "Malam, rage gudu, iska na zubar min da su."

Na rage, Siddiƙ. Na rage har masu keke suna wuce mu, wani mai amalanken shanu ma ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mu yana tambaya ko mai ne ya ƙare. Tafiyar da na saba yi a awa ɗaya ta ci mana biyu da rabi, muka shigo Tambuwal ana kiran magariba, kuma duka biyar ɗin suka iso da ganyensu.

Ta ce in gaishe ka, in gaishe da Hajiya da uwargida, kuma in gaya maka tana son rassa shida na fari, ka aiko da sunanta.

Allah ya bar zumunci, ya saka maka da alheri.

Naka har kullum,
Haliru Maccido.